Darasi: Karkarwar Zuciya da Haɗarin Shanyewar Ɓarin Jiki

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya bayyana yadda lafiyayyar zuciya take bugawa da yadda bugun yake rikicewa, ya fahimci hanyar da gudan jini yake bi daga zuciya zuwa ƙwaƙwalwa, ya iya duba bugun jijiyar wuyan hannu da yatsunsa, ya kuma san abin da ya wajaba a kan iyali kafin shanyewar ɓarin jiki ta auku da kuma a sa'ar da ta auku.

Gabatarwa

Shanyewar ɓarin jiki, wadda wasu ke kira mutuwar ɓarin jiki, ba baƙuwa ba ce a Yalwan Damai da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, domin da wuya a sami unguwar da ba a taɓa ganin mutumin da ya kwanta lafiya lau ya wayi gari baki a karkace, hannu da ƙafa sun daina motsi ba. Cutar tana faruwa ne idan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda jijiyar da ke shayar da shi ta toshe, ko kuma saboda ta fashe. Hawan jini ne kan gaba a cikin sanadanta. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a cibiyoyi 15 na Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, aka kuma wallafa sakamakonsa a shekarar 2018, ya danganta kusan kashi 90 cikin 100 na wannan cuta da hawan jini, ya kuma nuna cewa kashi 68 na majinyatan toshewar jijiya ce ta kwantar da su, kashi 32 kuma fashewarta.

A cikin masu toshewar akwai waɗanda tushen matsalarsu a ƙirji yake, domin abin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwarsu gudan jini ne da ya daskare a cikin zuciya, jini ya ɗauko shi ya kai shi ka. Abin da ya fi haifar da irin wannan gudan jini shi ne wata rikicewar bugu da likitoci ke kira atiriyal fibirileshan, wato karkarwar ɗakunan zuciya na sama, wadda za a riƙa kira karkarwar zuciya a wannan darasi. Muhimmancin saninta yana cikin abu biyu: ana iya fara gano ta da yatsu ba tare da wata na'ura ba, kuma akwai maganin da ke hana mafi yawan shanyewar da take jawowa.

Yadda Zuciya Take Bugawa da Yadda Take Karkarwa

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tunkuɗa shi. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu ya ɗebo iska, ɓangaren hagu kuma yana karɓo shi daga huhu ya aika wa dukkan gaɓoɓi. Tsakanin kowane ɗakin sama da na ƙasansa akwai ƙofa mai buɗewa ta fuska ɗaya, don kada jini ya koma baya, kuma ƙofar da ke ɓangaren hagu, wadda ake kira mitiral, za ta sake fitowa a wannan darasi. A bangon ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙulli na ƙwayoyin halitta da ke fitar da siginar lantarki mai rauni sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum yana hutawa, kuma kowace sigina tana sa ɗakunan sama su matse su juye jininsu a na ƙasa, sannan na ƙasa su matse su fitar da shi. Wannan jerin matsewa shi ne bugun da ake ji a wuyan hannu, kuma tazarar da ke tsakanin bugu da bugu kusan ɗaya ce.

Idan karkarwa ta shiga, sai sigina ta riƙa tasowa barkatai daga wurare da yawa, musamman daga bakin jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu, har takan kai sau 300 zuwa 600 a minti ɗaya. Tsoka ba ta iya matsewa da irin wannan sauri, saboda haka ɗakunan sama sukan daina matsewa su koma rawar ɗari kawai. Akwai ƙulli na biyu tsakanin sama da ƙasa wanda ke tare yawancin siginonin, ya bar wasu su wuce ba bisa tsari ba, shi ya sa bugun mai wannan cuta yakan zo biyu a jere da sauri, ya tsaya, ya zo da ƙarfi, ya sake zuwa da rauni, kuma sau da yawa yakan haura 100 a minti.

Masu cutar sukan ce gabansu yana yawan faɗuwa, ko ƙirjinsu yana lugude, ko suna haki da sun ɗan yi tafiya ko sun kama fartanya, wasu kuma jiri da kasala ne kawai kokensu. Ba safai ake kai irin wannan koke asibiti ba, domin akan ɗauke shi a matsayin olsa, ko damuwa, ko tsufa. Mutane da yawa ma ba sa jin komai, sai ranar da ɓarin jikinsu ya shanye ake gane suna ɗauke da ita. Likitoci suna rarraba cutar gwargwadon daɗewarta: akwai mai zuwa ta tafi da kanta cikin kwana 7, akwai mai wuce kwana 7 sai an yi mata magani, akwai kuma wadda ta zauna dindindin. Duka ukun suna iya haifar da gudan jini, kuma rashin jin ciwo ba ya rage haɗarin.

Daga Zuciya Zuwa Ƙwaƙwalwa

Jini yana zama ruwa ne muddin yana gudana, da ya tsaya kuwa sai ya fara daskarewa. Duk wanda ya lura da rafi da damina ya san cewa ba a tsakiyarsa yashi da kara suke taruwa ba, a lungun da ruwa ya rage gudu suke kwantawa, kuma ranar da ruwa ya ƙaru sai ya kwashe su ya yi gaba da su. A jikin ɗakin sama na hagu akwai irin wannan lungu, wani ɗan aljihu mai ƙunci da lanƙwasa, wanda lafiyayyar zuciya take matse jinin cikinsa a kowane bugu. Idan ɗakin ya koma karkarwa, jinin aljihun yakan kwanta ya zama guda, kuma a wurin masu karkarwar da ƙofofin zuciyarsu ke da lafiya, kusan kashi 90 cikin 100 na gudajen jini a nan suke haɗuwa.

Idan gudan ko wani gutsure nasa ya ɓalle, yakan faɗa ɗakin ƙasa na hagu, daga nan a tunkuɗa shi cikin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Jijiyoyin da ke hawa ta wuya zuwa ka suna cikin rassan farko na wannan babbar jijiya, kuma ƙwaƙwalwa, duk da cewa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana karɓar kimanin kashi 15 na jinin da zuciya ke fitarwa, saboda haka gudan yakan nufi can. Yana tafiya har ya isa inda jijiya ta fi shi ƙunci, ya maƙale, sashen da ke gaba ya rasa iska ya fara mutuwa cikin 'yan mintoci. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa gefen dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane shi ne ke riƙe da magana, shi ya sa wanda damarsa ta shanye yakan rasa magana tare.

An gane girman wannan haɗari ne daga binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka a shekarar 1948, inda aka riƙa bibiyar lafiyar dubban mazauna garin shekara da shekaru. Rahoton da ya fito a 1991 ya nuna cewa karkarwar zuciya tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5, kuma rabon da take da shi a cikin sanadan cutar yana hawa daga kashi 1.5 cikin 100 a tsakanin 'yan shekara 50 zuwa 59 har ya kai kashi 23.5 a tsakanin 'yan shekara 80 zuwa 89. Wani rahoton na 1978 ya riga ya nuna cewa idan karkarwar ta haɗu da lalacewar ƙofar zuciya, ninkin yakan kai sau 17. Bayan yawa kuma akwai tsanani, domin gudan da ya fito daga zuciya yakan yi girma ya toshe babbar jijiya, don haka irin wannan shanyewa ta fi kisa, ta kuma fi barin mutum kwance.

Waɗanda Cutar Ta Fi Kamawa

A duniya baki ɗaya an ƙiyasta masu karkarwar zuciya sun kusa miliyan 60 a shekarar 2019, kuma a Turai da Amurka cutar tsofaffi ce, inda kusan mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka haura shekara 80 ke ɗauke da ita. A arewacin Najeriya tsufa yana taka rawarsa, amma akwai hanyoyi biyu da suke kawo ta tun da sauran ƙarfi.

Ta farko ita ce hawan jinin da aka bari shekaru ba magani, ko ake shan maganinsa sai ranar da kai ya yi ciwo. Zuciyar da ke tunkuɗa jini da wahala kullum bangonta yakan yi kauri, ɗakin sama na hagu ya buɗe ya yi tabo, kuma a cikin tabon ne sigina take rikicewa. Ta haka hawan jini yake kai wa ƙwaƙwalwa hari ta fuska biyu, ta lalata jijiyoyinta kai tsaye da kuma ta haifar da karkarwa. Rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa a abinci, da shan magani kowace rana, kariya ce daga duka biyun.

Ta biyu ita ce ciwon zuciyar da ke farawa da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya. Wata ƙwayar cuta mai suna sitireptokokus takan kama maƙogwaron yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 15, tana kuma yaɗuwa da sauri inda yara suke kwana a cunkushe. Idan ba a kashe ta da fenisilin ba, bayan mako 2 zuwa 3 garkuwar jikin wasu yaran takan juya ta afka wa gaɓoɓinsu da ƙofofin zuciyarsu, sai a ga zazzaɓi da ciwon gwiwa ko idon sawu mai ƙaura daga gaɓa zuwa gaɓa, wanda akan ce sanyin ƙashi ne. Gaɓoɓin sukan warke, amma ƙofar mitiral takan yi tabo ta ƙuntata a hankali, jini ya riƙa taruwa a ɗakin sama na hagu har ya buɗe ya fara karkarwa. Binciken REMEDY, wanda ya duba majinyata 3,343 a ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da kuma Indiya da Yemen, aka wallafa shi a 2015, ya sami cewa rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, biyu cikin uku mata ne, kuma kusan kashi 22 cikin 100 suna da karkarwar zuciya. Wannan ne ya sa matashiya mai goyo tana iya samun shanyewar ɓarin jiki, kuma ba dalili ba ne na cewa jifa aka yi mata. Yaron da aka tabbatar ya taɓa yin wannan zazzaɓi yana bukatar allurar fenisilin mai daɗewa a jiki duk bayan mako 3 ko 4 na tsawon shekaru.

Sauran abubuwan da ke kawo karkarwa sun haɗa da gazawar zuciya, har da wadda ke kama wasu mata bayan haihuwa, wadda likitoci a Zariya suka yi cikakken bayaninta tun shekarun 1970, da ciwon suga, da ƙiba, da maƙoƙo mai sa rama da rawar hannu, da shan giya da taba, da minsharin da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa.

Yadda Ake Gano Ta

Matakin farko bai wuce yatsu biyu da agogo ba. Wanda za a duba ya zauna ya huta na minti 5, ya miƙa hannunsa a kan cinya tafin yana kallon sama. Mai dubawa ya ɗora kan yatsarsa manuniya da ta tsakiya a wuyan hannun, ƙasan gindin babban yatsa, a ɗan kwarmin da ke tsakanin ƙashi da igiyar tsoka, ya danna a hankali har ya ji bugu. Idan ya danna da ƙarfi bugun zai ɓace, kuma ba a amfani da babban yatsa domin yana da nasa bugun. Sai a ƙirga na cikakken minti ɗaya ana kallon agogon waya, a lura da abu biyu, wato adadin bugun da kuma tazarar da ke tsakaninsa. Tsallake bugu ɗaya jefi-jefi yana faruwa ga masu lafiya, haka nan bugun yara da matasa yakan ɗan ƙara sauri idan sun shaƙi numfashi. Abin da ke nuna karkarwa shi ne bugun da ya rasa tsari daga farkon minti har ƙarshensa, ta yadda mai ƙirga ba zai iya cewa ga lokacin da na gaba zai zo ba.

Yatsu suna tayar da zato ne kawai, gwajin ECG ne ke tabbatarwa. A wannan gwaji ana manna wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana siginar zuciya a takarda cikin 'yan mintoci, ba ta sa wa mutum lantarki, ba ta kuma ciwo. Willem Einthoven na ƙasar Holan, wanda ya ƙirƙiro na'urar, ya wallafa zanen irin wannan bugu tun 1906. Da yake karkarwar wasu tana zuwa tana tafiya, gwaji ɗaya mai kyau ba ya kore ta, wani lokaci sai an maimaita. Bayan an tabbatar, ana yin hoton zuciya da ake kira eko, irin na'urar da ake duba mai juna biyu da ita, don a ga lafiyar ƙofofin, domin a kan wannan ne zaɓin magani ya rataya. Mutumin Yalwan Damai ko Gwaram da aka ji bugunsa a rikice zai fara da asibitin da ya fi kusa a auna jininsa, ya nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Auna Haɗarin Kowane Majinyaci

Masu karkarwa ba su zama ɗaya a haɗari ba, don haka likitoci suke amfani da wani ma'aunin maki da aka tsara a Birmingham ta Ingila aka wallafa a 2010, wanda Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta sauƙaƙa a 2024. Ana ba da maki ɗaya-ɗaya ga gazawar zuciya, da hawan jini, da ciwon suga, da cutar jijiyoyin jini, da shekaru 65 zuwa 74, ana kuma ba da maki biyu-biyu ga shekaru 75 zuwa sama da kuma taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko da ƙarama ce da ta wuce da kanta. Mai maki 2 ko fiye ana ba shi shawarar shan maganin hana daskarewar jini, mai maki 1 kuma likita ya duba yanayinsa. Misali, manomi ɗan shekara 68 mai hawan jini yana da maki 2, dattijuwa 'yar shekara 77 mai ciwon suga wadda bakinta ya taɓa karkacewa ya dawo tana da maki 5. Ma'aunin bai shafi mai ƙuntatacciyar ƙofar mitiral ko wanda aka sa wa ƙofar ƙarfe ba, domin waɗannan suna bukatar magani ko da makinsu sifili ne.

Maganin Hana Daskarewar Jini

Magungunan masu karkarwa iri biyu ne, kuma rikita su yana jawo asara. Akwai masu rage saurin bugu, waɗanda ke kwantar da faɗuwar gaba da haki, amma ba sa hana gudan jini. Akwai kuma masu hana jini saurin daskarewa, waɗanda majinyaci ba ya jin wani sauƙi idan ya sha su, alhali su ne ke tsare ƙwaƙwalwarsa. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, na biyun ne aka fi yankewa, domin ba a ganin aikinsu.

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne wafarin, wanda aka amince a riƙa ba wa mutane a 1954. Wani nazari na 2007 da ya tattara gwaje-gwaje 29 ya nuna cewa wafarin yana rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 64 cikin 100, asfirin da danginsa kuma kashi 22 kawai, saboda haka asfirin ba ya maye gurbinsa. Wafarin yana aiki ne ta hanyar rage amfanin bitamin K, wanda hanta ke bukata wajen haɗa sinadaran daskarar da jini, kuma adadin da ya dace da wani ba ya dacewa da wani. Shi ya sa ake gwajin jini mai suna INR, wanda ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3 ga yawancin masu karkarwa: ƙasa da haka babu isasshiyar kariya, sama da haka akwai haɗarin zubar jini. A binciken REMEDY, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka gwada ne suka faɗa cikin wannan iyaka. Daga 2010 aka sami sababbin magunguna, irin su dabigataran da ribaroksaban da afiksaban, waɗanda ba sa bukatar wannan gwaji, suna kuma rage zubar jini a ƙwaƙwalwa da kusan rabi idan aka kwatanta da wafarin, sai dai sun fi tsada, kuma kariyarsu tana gushewa cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka daina sha. Ga masu lalatacciyar ƙofa kuwa, gwajin INVICTUS na 2022, wanda ya ƙunshi majinyata fiye da 4,500 a ƙasashe 24, ya nuna cewa masu shan wafarin sun fi masu shan ribaroksaban tsira da rai, don haka wafarin ne maganinsu har yanzu.

Zama da wafarin yana shiga har cikin tukunyar miya. Ganyaye irin su zogale da alayyahu da rama da kuka suna ɗauke da bitamin K, kuma ba a hana majinyaci cinsu, domin binciken SIREN kansa ya nuna masu cin ganye a kai a kai sun fi tsira daga shanyewar ɓarin jiki. Abin da ake bukata shi ne daidaito, kada a yi mako ana kwaɗon zogale safe da yamma sannan a yi wata ba a taɓa ganye ba, kuma idan damina ta kawo yalwar ganye a sake gwajin INR. Magungunan ciwon jiki da ake saye a kyamis bayan aikin gona, irin su diklofenak da ibufurofen da haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, suna jawo zubar jini a ciki. Flagyl da Septrin suna ƙara wa wafarin ƙarfi, rifamfisin na maganin tarin fuka kuma yana rage shi, kuma sassaƙe da jiƙo ba a san yadda za su yi da shi ba. Ƙaho da tsaga da sakiya a wurin wanzami, da cire haƙori, ba a yinsu sai da sanin likita. Wafarin yana iya cutar da ɗan tayi, musamman a watanni 3 na farko, saboda haka macen da ke shansa ta tattauna da likita tun kafin ta ɗauki ciki, amma shayarwa ba ta hana shansa. Mai niyyar azumi shi ma ya nemi a tsara masa lokutan shan magani kafin watan ya kama.

Alamomin da ke bukatar komawa asibiti nan take su ne haɓon da ya ƙi tsayawa, da bayan gida baƙi ƙirin, da aman jini, da jinin haila da ya wuce kima, da ciwon kai mai tsanani, da buguwa a ka kamar ta faɗuwa daga babur. Jini a fitsarin mai shan wafarin ba a ɗaukarsa a matsayin tsargiya a zauna a gida.

Idan Shanyewar Ta Auku

Alamomi uku ne iyali za su duba: a ce wa mutum ya yi murmushi a ga ko baki ya karkace, ya ɗaga hannuwansa biyu a ga ko ɗaya yana faɗuwa, ya maimaita gajeriyar magana a ji ko harshe ya yi nauyi. Ko ɗaya daga cikinsu ya isa a nemi mota, a kuma riƙe lokacin da aka ga mutumin lafiya na ƙarshe, domin an ƙiyasta ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 suke mutuwa a kowane minti idan babbar jijiya ta toshe, kuma allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, ana yinta ne cikin awa 4 da rabi. Zaton shafar iska yakan sa a kwana ana turare da shafe-shafe, alhali ana iya yin addu'a a cikin mota ana tafiya. A kwantar da majinyaci a gefensa, kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, domin haɗiya takan lalace abin ya zarce huhu, kada kuma a ba shi asfirin, domin sai hoton ƙwaƙwalwa na CT ne ke bambance toshewa da fashewa. A tafi da dukkan magungunansa.

Idan alamomin suka wuce da kansu cikin mintoci ko sa'o'i, gargaɗi ne, kuma haɗarin babbar shanyewa ya fi yawa a kwanakin farko bayansa. Duk wanda toshewar jijiya ta kwantar ya cancanci a yi masa ECG, domin idan karkarwa ce sanadi aka sallame shi da gashin ƙashi da maganin hawan jini kaɗai, aljihun da ya haɗa gudan farko yana nan yana haɗa na biyu.

Tambayoyi

1. A bayyana bambancin bugun lafiyayyar zuciya da na mai karkarwa.
2. Me ya sa jini yake daskarewa a aljihun ɗakin sama na hagu, kuma ta wace hanya gudan yake isa ƙwaƙwalwa?
3. Ta yaya ciwon maƙogwaron yaro zai zama sanadin shanyewar ɓarin jiki bayan shekaru?
4. Maki nawa ne ga mutum ɗan shekara 70 mai hawan jini da ciwon suga, kuma wace shawara ma'aunin ya ba shi?
5. A kawo abubuwa huɗu da mai shan wafarin zai kiyaye.

Aikin Aji da na Gida

Ɗalibai su zauna biyu-biyu, maza da maza, mata da mata, kowa ya ƙirga bugun abokin zamansa na minti ɗaya ya rubuta adadin da kuma ko yana da tsari. A gida, kowane ɗalibi ya duba bugun mutum uku da suka haura shekara 60 bayan ya nemi izininsu, ya rubuta sakamakon ba tare da sunayensu ba, wanda aka ji bugunsa a rikice kuma a raka shi asibiti a cikin makon.